Wasan da Auta Ya Tsayar

Akwai wani bawan Allah, aikinsa haɗa wa mutane wutar sola, har sunansa ya ɓace a unguwa, kowa Mai Sola yake ce masa. Tare suke aiki da ƙanensa, Auta. Kada ku ji Auta ku ɗauka yaro ne, shekararsa talatin da ɗaya, da gemunsa. Shi ke hawa rufi, yayan yana ƙasa yana miƙa masa waya yana yi masa faɗa.

Tun suna yara suna da wani tsohon akwatin gem, irin wanda ake jonawa da talabijin. Wasa ɗaya suke so a ciki. Jirage biyu ne, ja da shuɗi, suna ta tafiya sama, ƙasa na gudu ta ƙarƙashinsu, jiragen abokan gaba na zubowa daga saman gilashin, kai kuma sai harbi da kauce-kauce. Ba a komawa baya. Akwatin kuma ba ya riƙe inda ka tsaya, in an kashe shi sai dai a koma farko. Mataki takwas ne wasan. Shekara ashirin ba su taɓa wuce na shida ba.

Wata Asabar da hantsi suka kai na takwas.

Matar Mai Sola, wadda ake kira Malama don tana koyarwa a firamare, tana kicin tana jin ihunsu.

"Yaya, ka daina shiga gabana mana! Tsufa ya kama ka!"

"Rufe mini baki, ɗan banza. Wa ya koya maka riƙe abin?"

Can sai Auta ya danna maɓallin tsayarwa, komai ya daskare a gilashin. Ya miƙe yana dariya, ya ce, "Hannuna ya yi gumi. Bari in sayo lemo a bakin titi. Kada ka taɓa, Yaya, na san halinka." Ya leƙa kicin ya ce, "Anti, sa masa ido."

Bai dawo ba. Mota ce ta kaɗe shi wajen tsallaka titi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Mai Sola bai yi kuka ba. Ya yi duk abin da ya kamata a yi, ya tsaya an binne ƙanensa, ya amsa gaisuwar mutane. Da jama'a suka watse sai ya shiga falo ya zauna a ƙasa, daidai inda yake zaune ranar. Talabijin na nan a kunne, don gidan a kan batirin sola yake, wuta ba ta ɗaukewa. Jan jirgin Auta da shuɗin nasa suna tsaye, ba sa gaba, ba sa baya.

Haka ya zama kullum. Ya tashi, ya yi sallah, ya zauna. In an ajiye abinci ya ci loma biyu ya ture. Masu kiran aiki suka kira har suka gaji. In Malama ta yi masa magana sai ya ce "to", ko da tambaya ce ta yi masa. Mutum ne dai a zaune, amma babu kowa a ciki.

Malama ta fara jin tsoro. An binne ɗaya, ga ɗayan yana bin sa da ransa.

A kwana na goma sha biyu Kawunsu ya zo, mutum mai son a ji maganarsa. Ya tsaya a ƙofar falo ya dubi talabijin, ya dubi Mai Sola.

"Kai yanzu ba ka ji kunya ba? Ƙato da kai, da furfura a kanka, ka tasa wasan yara a gaba? Kai kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa?"

Mai Sola ya ce, "To."

Kawu ya nufi soket. Malama ta riga shi, ta tsaya ta jingina bayanta da bango.

"Kawu, ka yi haƙuri."

"Ke, matsa mini! Ke ce ma kike ɓata shi."

"Na ji, Kawu. Ka zage ni, na ɗauka. Amma ba hannunka ne zai kashe abin nan ba, ba kuma nawa ba."

Kawu ya kaɗa rigarsa ya fita, yana cewa gidan mahaukata biyu ne.

Kada ku ɗauka ita dutse ce. Akwai ranar da ya shiga wanka, ta tsaya ta ɗora hannu a kan wayar, zuciyarta na ce mata ja kawai, kowa ya huta. Ta daɗe a haka. Sai ta sake ta, ta ɗauko tsumma ta goge ƙurar da ke kan akwatin.

Daga nan hadari ya rufe gari, kwana uku babu rana. Batir ya fara ja baya. Malama ta cire firji, abin da ke ciki ya lalace ta zubar. Ta kashe fanka da ƙwayayen wuta, guga kuma ta kai gidan maƙwabta. Duk don wancan hoton da ba ya motsi. Ba ta gaya masa ba.

A kwana na ashirin da uku, da la'asar, na'urar batir ta fara ƙara, ɗit, ɗit, ɗit. Malama ta shigo ta zauna kusa da shi. Ba abin da ya rage ta cire.

Ba tare da ya dube ta ba ya ce, "Minti ashirin ya rage. Na san kukanta."

Rabon da ya haɗa magana mai tsawon haka tun ranar.

Ya nuna gilashin da yatsa. "Malama, kin ga wannan ɗigon? Nan, gaban jan jirgin."

Ta matsa ta duba. Wani ɗan farin ɗigo ne, bai kai ƙwayar wake ba.

"Harsashi ne. Saura ƙiris ya same shi, kuma ransa ɗaya ya rage. Shi ya sa Auta ya tsayar, ba wani gumi. Macuci. In na danna, zai same shi. Ba wanda zai kauce masa."

Malama ta dubi abin riƙewar Auta mai maɓallai, yana nan a ƙasa inda ya ajiye. Ta ɗauka.

Ta ce, "Injiniya, ban iya ba fa." Haka take kiran mijinta.

"Shi ma bai iya ba. Baki ne kawai." Ya kama babban yatsanta ya ɗora a kan maɓalli. "Da na danna, ki tura hagu. Hagu, Malama, ba dama ba."

"Ni da nake koya wa yara hagu da dama?"

Ya danna. Kiɗan ya dawo, ƙasa ta ci gaba da gudu. Ta tura hagu da duk ƙarfinta, ɗigon ya wuce ta gefen jan jirgin bai taɓa shi ba.

Mai Sola ya yi ihu, "Ya kauce! Ya kauce!"

Ita kuwa ba ta saki maɓallin ba, ba a ce mata ta saki ba. Jan jirgin ya yi ta tafiya hagu har ya je ya daki wani ƙaton jirgi ya fashe. Shuɗin ma bai daɗe ba, don idon mai shi ya kawo ruwa, ba ya gani sosai. Dariya ce ta fara kama shi, har yana riƙe ciki. Ba ta san inda dariyar ta ƙare kukan ya fara ba. Ya kifa kansa a gwiwarta yana kiran sunan ƙanensa, ita kuma ta bar shi, ba ta ce ya yi shiru ba.

Da ya gama ya share fuska da rigarsa. Na'urar batir na ta ƙara, da sauran minti goma. Bai jira ta mutu ba. Ya miƙa hannu ya kashe akwatin da kansa.

Darasi: Jikokina, in kun ga wanda aka yi wa rashi ya riƙe wani abu da kuke gani shirme ne, kada ku fizge masa. Ba ku san abin da yake kallo a ciki ba. Ku zauna kusa da shi, ku rufe bakinku, ranar da ya shirya shi zai saki da hannunsa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin cewa "haba, ai ya isa haka".