Layin da Babu Mai Karantawa Sai Malam Sabi'u

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Malam Sabi'u ake ce masa, bawan Allah mai ƙarancin magana. Shi ya rubuta manhajar da ma'aikatan lafiya na ƙauye ke dubawa a waya, su ga wane asibiti ke da maganin sarar maciji.

To, ku saurara. Wayar ba kullum take tambayar babbar kwamfuta ba. In ta karɓi amsa sai ta ajiye, don hanyar sadarwa a ƙauye wahala gare ta. A saman kowace amsa akwai ɗan layi da ke gaya wa wayar tsawon lokacin da za ta yarda da abin da ta ajiye kafin ta sake tambaya. Na hotunan da ke cikin manhajar mako guda, na lissafin magani minti biyar. Sai Malam Sabi'u ya yi kuskure, ya sa wa magani lokacin hotuna, wato mako guda.

Ranar nan maciji ya sari wani manomi. Waya ta ce akwai magani a asibiti kaza, aka kwasa a guje, ashe maganin ya ƙare kwana uku da suka wuce. Da ƙyar aka ceci ransa a wani wurin.

Aka kira taro a ofishin da Malam Sabi'u ke aiki. Shugaba ya dubi Ladidi, mai shigar da lissafin magunguna, ya ce, "Ke ce ba ki rubuta ya ƙare ba. Ki ajiye mana makullanmu."

Ta ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, na rubuta!" Hawaye kawai take. Babu wanda ya yarda.

Ku saurara fa! Duk ɗakin nan babu mai iya karanta wannan layin sai mutum ɗaya. In ya yi shiru, shi ke nan, magana ta mutu.

Sai Malam Sabi'u ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ta rubuta. Wayar ce ba ta koma ta tambaya ba, kuma ni na ce mata kada ta tambaya sai bayan mako."

Shugaba ya ce, "Sabi'u, ka san abin da kake jawo wa kanka?"

Ya ce, "Na sani. A bar ni in gyara tukuna, sannan a yi mini hukunci."

Ya gyara, aka sallame shi daga aiki, Ladidi ta koma teburinta. Ni dai, wallahi, ina ƙaunar mutumin nan.

Jama'a, gaskiya ita ce ka faɗi laifinka a ranar da babu mai iya kama ka. Kai da ke zaune nan, akwai wanda ake zagi a gidanku ko a wurin aikinku kan abin da hannunka ya yi? Kada ka ci abincin rana yau sai ka je ka wanke shi.