Gangaren da Falalu Ya Kashe Inji

Falalu direban babbar mota ne a wani kamfanin sabulu da ke Sharada. Ya iya tuƙi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Aibinsa ɗaya, ba ya iya jin an yabi wani a gabansa.

Ana nan aka ɗauki sabon direba mai suna Ya'u, mutumin Ringim. Duk tafiyar da ya yi, sai ya dawo da ragowar gas a tanki. Mai kamfanin, Hajiya Zinariya, ta riƙa yaba masa a gaban kowa. Abin ya tsaya wa Falalu a rai. Da ya ji ƙishin-ƙishin an yo odar sabuwar mota kuwa, sai ya yanke cewa Ya'u za a ba, shi a bar shi da tsohuwa. Ko tuwo ya daina yi masa daɗi.

Wata rana a wurin lodi Ya'u ya same shi cikin ladabi ya ce, "Yaya Falalu, wallahi ba wani sirri ba ne. Ina duba iskar taya, ba na danne totur, ina barin tazara tsakanina da na gaba don kada in yi ta taka birki."

Falalu ya harare shi ya ce, "Kai yaro, ina kan titi kana goye. Ni za ka koya wa mota?"

Shi ma fa yana da tasa dabarar, mummuna. Ranar da aka tura su Jos da kaya, Ya'u na biye da shi a tasa motar, Falalu ya ƙudura sai ya fi shi rage mai. Da suka iso wani dogon gangare, ya cire giya, ya zuba motar a firi, ya kashe inji. Ya san sarai injin ne ke tara wa birki iska, amma hassada ta rufe masa ido.

Ya taka birki, ya sake takawa, iska ta ƙare. Ga bas cike da fasinjoji a gabansa, ga mota tana ta ƙara gudu. Ya yi salati, ya karkatar da kanta cikin kwazazzabo. Allah ya tsare fasinjojin, amma ƙafarsa ta dama ba ta tsira ba. Ya'u ne ya ciro shi, yana kuka.

Hajiya ta je duba shi a asibiti. Ta ce, "Malam Falalu, me ya kai ka? Motoci biyu na yo oda. Ta farkon da sunanka na saye ta."

Falalu ya juya fuskarsa bango. Bai sake riƙe sitiyari ba.

Darasin a nan shi ne, tanadin mai yana cikin natsuwa da kula da mota, ba a kashe inji a gangare ba, domin titi ba naka ba ne kai kaɗai. Sannan in wani ya fi ka, matsa kusa ka koya. Mai hassada yakan zubar da rabonsa da hannunsa, yana can yana leƙen na wani.