Tutar da Rabala Ya Ƙara wa Tsawo

Akwai wani mutum a garinmu na bakin Tafkin Victoria, sunansa Rabala, shi ne shugaban ƙungiyar masunta. Ko gaishe shi ka yi, sai ya duba ko ka rusuna yadda ya kamata. Har yau idan na tuna abin da ya ja mana, sai raina ya ɓaci.

Mu muna ɓangaren Kenya, maƙwabtanmu suna Tanzaniya. Yarenmu ɗaya, muna auren juna. Wata rana masuntanmu suka bi kifi har suka ƙetare iyaka, masu sintirin can suka tsare su da kwale-kwalensu. Cikinsu har da Oyugi, mijin Akumu mai soya kifi, wadda ya bari da tsohon ciki.

Dattawa suka yi ta kai da komo har aka amince a yi zaman sulhu a bakin ruwanmu, baƙin su zo da mutanenmu su miƙa mana. Tsarin zaman kowa ya san shi: sanda biyu, tsayi ɗaya, baƙi su zo da tutarsu, a ɗaga biyun tare.

Sai Rabala ya sa aka ɗaura wa sandarmu ƙarin gora.

Baba Ondiek, dattijon unguwarmu, ya ce, "Rabala, wai me kake yi haka?"

"A ƙasarmu muke, Baba. Tutarmu ba ta haɗa kafaɗa da ta kowa."

"Mutanenmu fa muke nema, ba tsawo ba."

"Tsufa ne ya sa maka tsoro. Je ka nemi inuwa."

Bai ma jira baƙi ba, ya sa aka ɗaga tutarmu. A wurinmu kuwa, tuta in ta hau ba mai taɓa ta sai yamma, in an busa usur. Ya san da haka sarai, shi ya sa ya yi.

Da hantsi jirgin baƙi ya iso. Suna hango sandunan suka kashe inji, suka tsaya kan ruwa. Jagoransu, wani dattijo mai suna Machage, ya miƙe ya ɗaga murya.

"Surukai! Idona ne ya lalace, ko sandarku taki kuka zuba mata?"

Rabala ya ce, "In za ku sauko, ku sauko."

"In rataya tutar ƙasata a ƙarƙashin taku? In koma in ce wa waɗanda suka aiko ni me? Ku gyara, ko mu juya da mutanenku."

Haka muka yi cirko-cirko, rana tana dukanmu. Ga mutanenmu a cikin jirgi muna kallonsu, suna kallonmu. Tuwon masarar da aka tuƙa wa baƙi ya sandare. Shi kuwa Rabala ya harɗe ƙafa a kujera yana fifita da hula, wai yana kare martabar ƙasa. Ina martaba a nan, don Allah?

Akumu tana tsaye, hannu a ƙugu, idonta a kan mijinta. Da ta ji an sake tayar da inji, sai ta juya gida da sauri. Ta dawo da tsohon filafilin da Oyugi ke tuƙa kwale-kwale da shi, da igiyar koma.

"Mata, ku taya ni!"

Masu suyar kifi suka taru, suka kwantar da sandar baƙi, wadda babu tuta a kanta tukuna. Suka ɗaura filafilin a samanta tamau, suka sake kafa ta.

Rabala ya zabura. "Ke! Wa ya ba ki izini?"

"Shugaba, tutarka na taɓa? Ga ta can inda ka kai ta. Wannan sandar baƙi ce, baƙin kuma nawa ne, mijina suka kawo."

Baba Ondiek ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Daidai suke!"

Machage ya yi dariya, ya sa aka matso da jirgi. Ya wuce Rabala da ya miƙo masa hannu, ya je ya gaida Akumu. Aka ɗaga tutarsu, aka zauna, aka sako mutanenmu. Oyugi yana gida aka haifi ɗiyarsa.

Ba a daɗe ba, sai kwale-kwalen Rabala kansa ya ƙetare iyaka, aka kama kwale-kwalen da ƙanensa a ciki. Rabala ya aika roƙo. Machage ya ce ba zai saurari kowa ba sai matar nan mai filafili.

Na ga Rabala da idona a rumfar Akumu, hula a hannu, yana cewa, "Maman jaririya, a taimaka."

Ta juya kifinta a kasko, ta gyara goyo, ta ce, "Zan je, don ƙanenka ma yana da mata." Sai ta jawo filafilin nan ta miƙa masa.

"Amma kai za ka tuƙa."

Darasi: Tutarka ba ta ƙara daraja don ka ƙasƙantar da ta maƙwabcinka. Wanda ka raina yau, ƙofarsa za ka ƙwanƙwasa gobe. Ku tura wa shugabannin ƙungiyoyinku wannan labari, musamman masu son ƙarin gora.