Tiyon Man Gombosuren

Akwai wani direba a garin Arvaikheer mai suna Gombosuren, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya tsaya tunanin me kake nema a wurinsa. Tsohuwar motarsa ta girmi ɗansa na fari, da ita yake kai makiyaya ƙauyuka.

Da kabiretar motar, wato na'urar da ke ba injin mai, ta ishe shi da ƙin tashi lokacin sanyi, sai ya sayo kayan da za a mayar da motar mai injekta, irin ta zamani mai fesa wa injin mai. Ya kai ta garejin Narantuya, wata mace da ta gaji kanikanci a wurin mahaifinta.

Ta zazzage kayan, ta ɗauki tiyon mai ta karanta rubutun jikinsa, ta ajiye shi gefe.

"Yaya Gombo, wannan na kabireta ne. Famfon injekta yana turo mai da ƙarfin gaske, zai fasa shi. Kuma wannan kilif ɗin matse tiyo mai haƙora yanka roba yake yi, mai santsi ake sa wa."

"Tiyo ai tiyo ne, duk baƙaƙe ne. A ina ake samun naki mai albarkar?"

"Shagon Luvsan."

Gombosuren ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo. Luvsan ƙanin mijinta ne.

"Ashe! Ke ki kushe, shi ya sayar. Ƙanwata, ba yau aka haife ni ba."

"Saya duk inda ka ga dama. Amma injin motarka tsakanin kujeru yake, dab da gwiwar fasinja. Hannuna ba zai ɗaura wannan ba."

Ta haɗa masa sauran kayan. Ya sa aka jawo motar gida, ya ɗaura tiyonsa da kansa, ya ƙulle kilif tamau.

Washegari ya ɗebi fasinja bakwai. Sun yi nisa da gari sai ya hango motar Narantuya a madubi. Ya rage gudu, ta rage. Ya taka, ta taka.

Zuciyarsa ta ce masa, lallai akwai abin da ta kwance jiya, jira take motar ta mutu ya roƙe ta.

Suna tsakiyar wani dogon hawa, wata tsohuwa da ke gaba, Dulmaa, ta toshe hanci.

"Ɗan nan, warin fetur nake ji."

"Tsohuwar mota ce, Inna."

"Ni ma tsohuwa ce, amma ba na wari haka. Tsaya!"

Ya kashe mota ya ɗaga murfin injin. Tiyon ya kumbura, ya tsage a bakin kilif, fetur ya jiƙe ko'ina har kusa da bututun hayaƙi da ya ɗau zafi. Fasinjoji suka yi rige-rigen fita.

Narantuya ta iso da gudu, riƙe da abin kashe gobara.

"Ke kika taɓa mini mota!" in ji shi.

Da injin ya huce ta kwance tiyon ta miƙa masa. Ga sawun haƙoran kilif ɗinsa nan a jikin robar, inda shi da kansa ya matse.

"To me ya sa kika biyo ni?"

"Ina ƙarama, irin motarka ta kama da wuta a wannan hawan. Ni da Baba muka zo muka janye ƙarfen da ya rage."

Ta ciro sabon tiyo daga jakarta, ta riga ta yanka shi daidai tsawon. Gombosuren ya durƙusa yana miƙa mata sifana, ya kasa haɗa ido da ita.

Da motar ta tashi, Dulmaa ta kwance ƙullin busasshen cukunta ta cika wa Narantuya tafi biyu. Ta dubi direban, ta sake ƙulle abinta.

Darasi: Ba duk mai hana ka abu ne yake neman cutarka ba. Mai yawan zargi yakan tsare kansa daga masoyinsa, ya bar ƙofa a buɗe ga kuskurensa. Ku tura wa duk wanda kuka san ba ya jin shawarar masu sana'a.