Ba a Taryar Wanda Bai Taso Ba

Akwai wani manomi wanda ya tsufa a cikin ƙungiyar gayya ta ƙauyensu. Su 'yan ƙungiyar nan sun ɗauki juna 'yan'uwa, yau a nome gonar wannan, gobe ta wancan. Suna da doka. In an shiga gona kowa ya kama kunyarsa. Wanda ya riga kai ƙarshe, sai ya juyo ya taryi na baya daga ɗaya bakin. Kuma ba mai taɓa tulun kunu sai an haɗe kowace kunya.

Da can mutumin nan shi ke taryar mutane. Amma ƙarfi ba ya zama. Baya ya sage, gwiwa ta ƙi, fartanya ta yi masa nauyi. Kullum shi ne na ƙarshe, kullum shi ake tara. Ya gaji da noman, ya fi gajiya da yawan cewa na gode.

Ran nan aka yi gayyar maimai, ya ƙi fita. Ya ce a ransa, "Na zame musu kaya. Gara in fita daga ƙungiya da mutuncina." Ya shimfiɗa tabarma a zaure ya kwanta.

Da rana ta take, sai ga sarkin gayya, sa'ansa ne tun ƙuruciya, jiki duk laka, leɓe ya bushe.

Ya ce, "Kai tsohon banza, tashi. Ka bar mutane da ƙishi."

Manomin ya ce, "Ni na hana ku sha?"

"Kai mana. Kunyarka tana can, ciyawa tsaye."

"To ku nome ta. Ku nawa ne? Ni na gaji, ɗan'uwa. Ba na ƙara muku komai."

Sarkin gayya ya zauna a dokin ƙofa, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Ni ma na gaji. Amma tarya muka gada, ba ƙwadago ba. Wa za mu tara in ba wanda ya taso?"

Can manomin ya jawo fartanyarsa, ya bi shi yana ɗingishi. Ya iske 'yan'uwa zaune cikin rana, tulu a rufe. Ya sunkuya ya fara sara. Bai yi nisa ba, sai ya ji sarar fartanyu tana zuwa daga can. Suka haɗe kusa da inda ya fara. Aka buɗe tulu, aka miƙa masa ludayin farko.

Ma'anar misalin nan, jikokina, ita ce: gonar nan zumuntarmu ce ta masu bi, kunya kuwa wurin da Ubangiji ya ba kowa a cikinta. Ni ma na tsufa, na san ranar da ƙafa ba ta son hanyar majami'a. Amma in gaya muku gaskiya, mai cewa ba ya son ya zama kaya, sau da yawa girman kai ne ya sa rigar tawali'u. Ba bayarwa kaɗai ce zumunci ba, har da yarda a taimake ka. Ranar da kuka gaji, ku zo da gajiyar. Ku dai sa fartanya a ƙasa. 'Yan'uwa suna can da ƙishi, suna jiranku.