Gangunan da Suke Cin Shinkafa

Dalilin da ya sa makaɗan ƙasar Burma, can gabas da Indiya, suke liƙa wa gangunansu dafaffiyar shinkafa kafin su fara kiɗa, ku matso kusa ku ji shi, yara.

A da ba haka ake yi ba. Babban makaɗi yakan zauna a tsakiya, ganguna manya da ƙanana sun kewaye shi, masu algaita da masu kuge suna gefe. Sai dai gangunan ba su da daɗin murya, duk ƙararsu iri ɗaya.

A wani ƙauye na bakin kogi akwai wani makaɗi mai suna Nyan Win. Abin nan ya hana shi sukuni. Kullum yana cikin rumfa, ya ɗaure wannan fata, ya sassauta waccan, ya gasa wata a wuta. Yayarsa Thaung Yin, wadda ta raine shi tun rasuwar iyayensu, ita ke kawo masa abinci.

Wata shekara ruwa ya cinye gonaki, yunwa ta shigo gari. Duk da haka kwanonsa bai taɓa zuwa babu komai ba, shi kuwa bai taɓa tambayar yadda aka yi ba.

Ran nan ta shigo, ta ce, "Ƙanena, ci tun da zafi."

Ya ce, "Yaya, ki bar ni! Ba ki ga ina aiki ba?"

Ya ture kwanon, shinkafar ta zube cikin toka. Ta durƙusa tana tsincewa tana dunƙulawa. Da ba ta ga wurin ajiyewa ba, sai ta manna dunƙulen a kan fatar wata ganga, ta fita.

Nyan Win ya bugi gangar cikin fushi. Sai ta yi wata murya mai zurfi, mai taushi, wadda bai taɓa ji ba. Ya rage shinkafar, muryar ta hau. Ya ƙara, ta sauka. Haka ya bi gangunan duka, kowace ta sami muryarta.

Don murna ko gida bai leƙa ba. Ya loda ganguna a kwalekwale, ya tafi birni. Ya yi kiɗa, mutane suka yi ta kuka don daɗi, aka cika shi da kyauta.

Da ya dawo da buhunan shinkafa, ya tarar da ƙofar yayarsa a rufe. Wata tsohuwa maƙwabciya ta ce masa, "Ɗana, ka makara. Rabonta take kai maka kullum, ita kuma ta sha ruwa ta kwanta. An binne ta tun makon jiya."

Ya zauna a ƙasa.

Daga ranar, duk sanda zai yi kiɗa sai ya kwaɓa shinkafa da toka, ya bi gangunan ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ci, Yaya. Ci tun da zafi."

Shi ya sa har yau makaɗan ƙasar ba sa taɓa ganga sai sun ciyar da ita, kuma komai daɗin biki, in ka kasa kunne, za ka ji ƙaramar gangar kamar tana kiran wadda ba za ta amsa ba.