Mutumin Damagaram Da Ya Ce Shi Ɗan Kuba Ne

An yi wani mutum, ɗan Damagaram, da ya zo nan Dubai yana ɗaurin kaya a wani ofishin kargo a Deira. Ba zan faɗi sunansa ba. Wasunku sun ci tuwo da shi a Abu Hail.

Allah ya ba shi murya, ya ba shi kunne. Abin da ya ji sau ɗaya ya riƙe ke nan. Wasu makaɗa 'yan Latin Amurka da ke wasa a wani otal suka ji shi yana kwaikwayon waƙarsu ta Sifaniyanci yana naɗe kwali, suka ja shi. Manajansu ya ce baƙi ba za su taru don ɗan Nijar ba, daga yau shi ɗan Kuba ne. Ya raɗa masa suna, ya ƙaga masa uba da garin haihuwa. Shi kuwa ya amsa.

Ya yi tashe. Hotonsa ya hau allunan talla, ana rububinsa a bukukuwa. Asuba ta fara wuce shi yana barci, sauran sallolin suka bi ta.

Wata rana yayarsa Zalika, da ta zo sarin atamfa, ta yi ta cigiya har ta same shi a harabar otal tare da manajan.

Ta ce, "Ƙanena, Inna tana kwance. Ba ta neman komai naka. Muryarka kawai take son ji."

Ya dube ta, ya juya ya ce wa manajan da Turanci wata mai son waƙarsa ce, bai san ta ba.

Zalika ta gyara mayafi ta ce, "To. Allah ya shirye ka."

Bai kira ba. Saƙon rasuwar Inna ya same shi da la'asar suna gwajin waƙa. Ya karanta, ya mayar da waya aljihu, ya ce wa mai ganga su sake daga farko. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya: "Na jira in ji wani abu a raina. Ban ji ba."

Ana nan sai maƙogwaronsa ya kumbura, murya ta dishe. Manajan bai yi fushi ba. Ya kawo wani saurayi, ya ba shi sunan nan, da uban nan, da garin nan. Masu rawa ba su ma lura ba. Shi kuwa ɗan Damagaram aka soke masa biza, khalas, shi ke nan.

Yanzu yana unguwar International City, a ɗakin haya na taro, a kan gado ɗaya cikin gadaje. Ba ya kuka, ba ya dariya. Zalika ta aiko a ce ya dawo gida, ta yafe. Ya ce to. Har yau bai tashi ba.

Ya 'yan uwa, kuna tsammani azabar ita ce tafiyar muryar? Ina! Murya ta sami gawa ne ta bari. Wanda ke jin zafin zunubinsa yana kusa da tuba. Wanda ba ya jin komai fa, da me zai tuba?

Dukanmu baƙi ne a garin nan, kowa da abin da ake ce masa ya ajiye kafin a ba shi aiki. Kada ka ajiye ubanka. Kada ka ajiye sallarka. Mai uwa da rai, ya kira ta yau.

Allah ya kiyaye mu da mutuwar zuciya tun muna numfashi. Amin.